Ɗakin Tamfol a kan Tarakta: Dabarar Manoman Ƙasashen Ƙanƙara

A garin Winnipeg na ƙasar Kanada, matsakaicin awon zafi a watan Janairu yana wajen digiri 16 ƙasa da sifiri. Ɗalibin da ya saba jin mutanen Kano ko na Zariya suna kukan sanyi idan ma'auni ya sauko digiri 12 da asuba, sai ya auna tazarar da kansa. Duk da haka manomin da ke karkarar wannan gari ba shi da damar ƙulle kansa a ɗaka har sanyi ya wuce. Shanunsa na jiran a kai musu ciyawa kowace safiya, dusar ƙanƙara kuma takan toshe hanyar da ta taso daga gidansa zuwa titi, tilas ya hau tarakta ya share ta.

Manyan taraktocin zamani suna zuwa da ɗakin direba na ƙarfe da gilashi tun daga masana'anta. Kamfanin John Deere, alal misali, ya fito da irin nasa mai suna Sound-Gard a shekarar 1972. Amma tsofaffin taraktoci da ƙanana da yawa a buɗe suke, direba na zaune a fili kamar mai tuƙa amalanke. Don irin waɗannan ne ake sayar da ɗakin tamfol, wato wani ƙwarangwal na siraran bututun ƙarfe da ake lulluɓe shi da tamfol mai kauri, a yi masa tagogi na leda garai-garai da ƙofofi masu zif. Ana ɗaura shi idan sanyi ya kama, a kwance shi idan ya wuce.

Iska ce abokiyar gaba

Mai karatu zai iya tambaya, ina amfanin tamfol a sanyin da ke daskarar da kogi? Ai ba bargo ba ne. Amsar tana cikin yadda jiki ke rasa zafinsa. Fatar mutum takan ɗumama 'yar siririyar iskar da ke manne da ita, wannan iska kuwa ita ce rigar farko da kowa ke sanye da ita. Idan wuri ya yi tsit, rigar nan tana nan daram. Da zarar iska ta kaɗa sai ta yaye ta, jiki ya sake ɗumama wata, a sake yaye ta, haka dai har zafin jiki ya yi ta zurarewa.

Wasu masana biyu 'yan Amurka, Paul Siple da Charles Passel, su ne suka fara auna wannan abu a nahiyar Antaktika. Sun riƙa rataye gwangwanin roba cike da ruwa a waje, suna duba tsawon lokacin da ruwan zai ɗauka kafin ya daskare a iska mai ƙarfi daban-daban, suka buga sakamakonsu a shekarar 1945. A shekarar 2001 hukumomin hasashen yanayi na Kanada da Amurka suka sabunta lissafin bayan gwaji a kan fuskokin mutane. Bisa sabon jadawalin, idan ma'auni ya nuna digiri 20 ƙasa da sifiri, iska kuma na gudun kilomita 30 a sa'a, fuska za ta ji kamar ana digiri 33 ƙasa da sifiri ne. A irin wannan hali fatar da ba a rufe ba tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. Hanci da kunnuwa da yatsu su ke fara mutuwa, wani lokaci har sai an yanke.

Ke nan babban aikin tamfol shi ne tare iska. Ko da ba a sa wani abin ɗumi a ciki ba, direban ya tsira daga ƙarin digiri 13 ɗin nan. Har ila yau akwai wata wahalar da tamfol ke maganinta: injin da ake ɗaura wa tarakta don share hanya yana watsa dusar ƙanƙara sama ne, idan iska ta juya sai ta mayar da ita kan direba, ta narke a wuyansa, ta jiƙa tufafinsa. Jiƙaƙƙiyar riga kuwa ta fi busasshiya saurin kwashe zafin jiki nesa ba kusa ba.

Yadda ake ɗaura shi

Ƙa'ida ta farko ita ce a yi aikin a wuri mai ɗumi. Ledar tagogin ana yin ta ne da wani nau'in roba da ake kira PVC, wanda asalinsa mai tauri ne, sai an gauraya shi da sinadarai masu tausasa shi. Sanyi yakan mayar da shi ga halinsa na asali, ya sandare, in aka lanƙwasa shi da ƙarfi ya tsage. Saboda haka akan shimfiɗa tamfol ɗin a ɗaki ya kwana, ya saki jiki, sannan a ja shi a kan ƙwarangwal. Idan aka fita da shi waje zai ɗan tsuke, ya ɗame sosai kamar fatar ganga.

Ƙwarangwal ake fara haɗawa, ba a kuma ƙara wa ko noti ɗaya ƙarfi sai duk bututun sun zauna a mazauninsu, in ba haka ba ƙofa ba za ta rufu daidai ba. Bayan rufi sai bangon gaba, sannan gefuna, ƙofofi a ƙarshe. Daga nan mai aikin zai hau kujera ya gwada komai: birki, kuloci, giya, sitiyari, da sandunan ɗaga garma, ya tabbatar babu wanda tamfol ya takura. Duk wata igiya da ta yi saura a yanke ta ko a ɗaure. Wannan ba batun ado ba ne. A bayan tarakta akwai sandar ƙarfe mai juya injinan da ake jona mata, gudunta na yau da kullum juyi 540 ne a minti, wato juyi 9 a daƙiƙa ɗaya. Abin da ta kama ta naɗe shi kafin mutum ya ƙifta ido.

Wuri mafi haɗari a aikin shi ne ƙarfen kariya, wato gwafar ƙarfen nan mai kauri da ke tsaye bayan kujera don ta tokare ƙasa idan tarakta ta kife. Ƙasar Suwidin ce ta fara wajabta shi a kan sababbin taraktoci a shekarar 1959, mace-macen kifewar tarakta a can kuma suka ragu da fiye da kashi 90 cikin ɗari a shekarun da suka biyo baya. Ana iya maƙala ɗakin tamfol a jikin wannan ƙarfe da maɗauri mai noti, amma ba a huda shi, ba a kuma yi masa walda, domin rami ɗaya ya isa ya raunana shi a inda ake bukatar ƙarfinsa. Wanda ya cire ƙarfen gaba ɗaya don tamfol ya samu wurin zama ya yi mummunan ciniki. Bututun tamfol ba sa ɗaukar nauyin komai, za su lotse kamar kara. Taraktar da ta ɗaga gaba tana iya wuce inda za a ceto ta cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, direban da ke cikin zif kuwa ba shi da hanyar tsalle. Ƙarfen kariya da ɗamarar kujera su ne kaɗai madogararsa.

Ɗumi, da abin da ke biyo shi

Injin tarakta ba ya mayar da man da ya sha aiki sai kimanin kashi ɗaya cikin uku. Sauran zafi ne, wani ya fita ta salansa, wani ya bi ruwan lagireto. Manoman Amurka na tsakiyar ƙarni na 20 sun gane haka, sai suka riƙa naɗe gefunan inji da tamfol don iskar da fanka ta jawo ta cikin lagireto ta zarce baya zuwa ƙafafun direba. A yau an fi jawo ruwan injin da tiyo biyu zuwa wani ƙaramin lagireto mai fanka a cikin ɗakin. Ruwan yana kai digiri 80 ko fiye, zafin kuma kyauta ne, tun da dama zubar da shi za a yi.

Wasu kan gwada hita mai aiki da batir, su sha mamaki. Lissafin aji uku na sakandare ya isa ya bayyana dalili. Hita mai ƙarfin wat 300 a kan bolt 12 tana jan amfiya 25, wanda ya kusa cinye duk abin da janaretan ƙaramar tarakta ke bayarwa, ga fitilu ma suna jiran nasu rabo. Zafin da take bayarwa kuwa bai wuce na jikin mutum uku da ke zaune ba, tun da kowane mutum yana fitar da kimanin wat 100.

Da ɗaki ya ɗumama sai wata matsala ta kunno kai. Iska mai digiri 20 tana iya riƙe giram 17 na tururi a kowace kubik mita, amma mai digiri 20 ƙasa da sifiri giram 1 kacal take riƙewa. Numfashin direba da ƙanƙarar da ta narke daga takalminsa suna cika ɗakin da laima, laimar ta taɓa leda mai sanyi ta zama raɓa, raɓar ta daskare. Ba a kankare leda kamar gilashi, zane za ta yi, zanen kuma ya watsa hasken fitila da dare har mutum ya kasa ganin gabansa. Magani shi ne a bar 'yar kafa a sama, a sa ƙaramar fanka ta riƙa hura iska a kan tagar gaba. Masu hali sukan sayi irin wanda gabansa gilashi ne mai waifa.

Kafar nan tana da wani amfani da ya fi wannan. Hayaƙin inji yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Idan ta shiga huhu takan kama sinadarin himogulobin na cikin jini da ƙarfin da ya ninka na iskar oksijin fiye da sau 200, jini ya yi ta zagayawa ba tare da kai wa ƙwaƙwalwa abincinta ba. Ita ce dai ke hallaka iyalai a Nijeriya idan an kunna janareta a cikin gida an kwanta. Injin fetur ya fi na dizal fitar da ita, amma babu wanda za a amince wa. A buɗaɗɗiyar tarakta iska ce ke kwashe hayaƙin. Tamfol yakan tara shi, musamman idan salansa ta huje ko kuwa bakinta yana ƙarƙashin ɗakin. Don haka kafin a ɗaura tamfol sai an duba salansa tun daga inji har baki, a tabbatar bakin ya zarce rufi ko ya kauce can gefe, a kuma rataya ƙaramar na'ura mai ƙara idan ta shaƙi wannan iska. Alamun farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da gyangyaɗi. Abin takaici shi ne mutumin da ya fito aiki tun asuba yakan ɗauka gajiya ce kawai. Wanda ya ji haka ya kashe inji, ya fito sarari, ya nemi asibiti.

Sauran abubuwan lura ba su da wuyar ganewa. Ɗakin yana ƙara wa tarakta tsawo, sai a auna ƙofar gareji. Yana rage gani ta gefe da ta baya, sai a ƙara madubi. Idan za a ɗora tarakta a kan tirela a bi babban titi, akan kwance tamfol, don iska za ta yayyaga shi. In sanyi ya wuce a wanke shi da ruwa da sabulu marar kaifi, a bushe, a naɗe shi kamar tabarma maimakon a ninke, saboda sawun ninki ba ya fita daga leda.

Malamin kimiyya yana iya nuna tushen wannan dabara a aji ba tare da ƙanƙara ba. A cika kwalabe biyu iri ɗaya da ruwan ɗumi, a toshe bakinsu da ma'aunin zafi a ciki, a goge bayansu su bushe. A ajiye su gaban fanka, ɗaya a fili, ɗaya a cikin kwali mai tagar leda, a riƙa rubuta awo bayan kowane minti biyar. Ta fili za ta riga hucewa da tazara mai yawa. Idan aka bar su har yamma, dukkansu za su tsaya a kan zafin iskar ajin, domin iska tana hanzarta hucewa ne kawai, ba ta iya saukar da busasshen abu ƙasa da nata awon.