Shin Ko Kun San? Ranar Damargu da Bitamin D

Shin ko kun san manomin Gangara da ya duƙa yana noman gero da tsakar rana, fatarsa na haɗa masa bitamin D kyauta? Wani kaso na hasken rana ne ke sa fata ta ƙera shi, hanta ta gyara, ƙoda ta ƙarasa. Babban aikinsa shi ne taimakon hanji ya tsotsi kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi.

Amma ba kowace rana ce ke wannan aiki ba. Dubi inuwarka. In ta fi ka tsawo, kamar da sassafe ko bayan la'asar, abin da fata za ta samu kaɗan ne. Gilashin taga tare wannan haske yake, bujin hunturu na rage shi, baƙar fata kuma ta fi fara daɗewa kafin ta haɗa abin kirki.

Shin ko kun san wani nazari da mujallar Lancet Global Health ta buga a 2020 ya gano cewa kusan mutum ɗaya cikin uku a Afirka bitamin D ɗinsa bai kai ma'auni ba? Abin ya fi taɓa jarirai, mata da mazauna birni. Ga rana kamar ta dafa ƙwai a Tanut da Belbeji, amma mai jegon da ke zaman arba'in a ɗaka, da tsohon da ciwo ya kwantar, labarinta kawai suke ji.

Shin ko kun san a shekarar da korona ta shigo Nijar (a Yamai aka fara tabbatar da ita, ranar 19 ga Maris 2020) likitoci a Santander ta ƙasar Sifen sun auna jinin majinyata 216 da cutar ta kwantar? Kashi 82 cikin ɗari suna da ƙarancin bitamin D. A cikin masu lafiya da aka gwada da su, kashi 47 ne. Labarin ya zaga duniya, aka yi ta sayen ƙwayoyi.

Abin da ba a cika faɗa ba: likitocin nan ba su ga alaƙa tsakanin yawan bitamin ɗin da tsananin ciwon ba. Da ma tsofaffi da masu ƙiba da masu ciwon suga, waɗanda korona ta fi kayarwa, su ne ba su cika shan rana ba. Ciwo mai tsanani shi kansa yana iya saukar da abin da awo zai nuna. Kama da wane dai ba ta wane.

Sai aka gwada. A Sawo Paulo ta Barazil an raba majinyata 240 gida biyu, aka ɗura wa rabi ma'auni 200,000 na bitamin D a tashi ɗaya. Ba su riga sauran barin asibiti ba. A Birtaniya an bi mutum 6,200, a Norwe fiye da 34,000, rabin na Norwe na shan cokalin man hantar kifi mai bitamin D kullum. Sakamakon duka biyun ya fito a 2022: bai hana kamuwa ba.

Shan bitamin D barkatai ma yana da illa. Jiki tara shi yake, kalsiyam ya hau a jini, ƙoda ta yi tsakuwa.

Shin ko kun san a Jos, a wani nazari da aka buga a 1999, an yi wa yara 123 masu laushin ƙashi magani, irin ciwon da ke kawo gwame da bauɗewar ƙafa, sai waɗanda aka ba kalsiyam suka fi waɗanda aka ba bitamin D kaɗai warkewa? Rana suna da ita, nono ne ya yi musu ƙaranci. A nan Damargu ta ɗan yi sa'a, in dai shanu da awaki sun ƙoshi. Sai dai a kula: nonon da ake dama fura da shi kalsiyam yake bayarwa, bitamin D ɗinsa bai taka kara ya karya ba, gero kuwa ba shi da ko ɗigo. Mai neman bitamin D a kwano sai gwaiduwar ƙwai, hanta, da kifin gwangwani.