Kudan Ko Ƙudan? Yadda Za Ka Koya Wa Kwamfuta Hausa

'Yan'uwa ɗalibai, a fitowarmu ta baya mun rubuta "an yi wa baki maraba", alhali baƙi muke nufi. Mun sha dariya. Lanƙwasa ɗaya ce ta raba garin Kudan da ƙudan zuma, ita ce kuma ta raba kafa da ƙafa. Matsalar ita ce madannan kwamfuta ba su zo da ƙ, ɗ da ɓ ba. Ga yadda muka magance abin a Windows 11.

Da farko, a saka Hausa. A buɗe Settings, a shiga Time & language, sai Language & region. A danna Add a language, a zaɓi Hausa. Wannan matakin yana son intanet, amma sau ɗaya ake yin sa.

Na biyu, a yi wa kai gajeriyar hanya. A akwatin bincike a rubuta Advanced keyboard settings, a buɗe, a danna Input language hot keys. Jerin harsuna zai fito. A zaɓi Hausa, a danna Change Key Sequence, a sa alama a Enable Key Sequence, sannan a zaɓi Ctrl da Shift da lamba 1. A maimaita wa Turanci da lamba 2. A danna OK.

Shi ke nan! Daga yanzu Ctrl, Shift da 1 Hausa ne, da 2 kuma Turanci. Idan kana kan Hausa, riƙe Alt na hannun dama ka danna k, d ko b, harafi mai lanƙwasa zai fito. Ka duba ƙasan allo kusa da agogo: HAU ko ENG zai nuna maka inda kake. Wanda ya manta lambobinsa, madannin Windows da Space ma suna sauya harshe.

Sai dai a kula. Kwamfutar makaranta ta kowa ce, a nemi izinin malami kafin a taɓa saitinta. In an gama, a mayar da ita Turanci don kada na baya ya rikice.

Mu dai mun gyara. Wanda ya sake kama mu da "baki", yana bin mu sandar raken Makarfi.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida