Makarantar mazaje: yadda magidanta suka kama wa likita aiki a jahar Damagaram

Kowa ya san gina gidan likita abu ne mai kyau, amma gini kaɗai ba ya warkar da kowa sai in an taka an je. A ƙauyukanmu da yawa mace mai juna biyu ba ta fita awon ciki sai da yardar maigida, shi ne mai ba da izini, shi ne mai kuɗin mota ko mai ɗaura wa amalanke sa. In ya ce a dakata, to an dakata, ko da naƙuda ta yi tsawo.

Binciken ƙasa na shekara ta 2006 ya nuna cewa a Nijar, cikin haihuwa 100,000, uwaye 648 ke rasa rayukansu, kuma ko kashi 20 bisa 100 na mata ba su haihuwa a gidan likita. Matan karkara ne suka fi ɗaukar wannan nauyi. A wannan shekara gwamnati ta mai da awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, amma duk da haka mata da yawa suka ci gaba da zama gida. A shekara ta 2007 asusun Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan al'umma, watau UNFPA, ya sa aka bi jahar Damagaram ana tambayar dalili, sai aka tarar ra'ayin mazaje na cikin manyan abubuwan da ke tare hanya.

Daga nan aka yi shawara a mai da maigida abokin aiki maimakon a tsaya zarginsa. A shekara ta 2008 aka buɗa makarantun mazaje 11 na gwaji, da haɗin gwiwar ma'aikatar kiwon lafiya, da ƙungiyar SongES, da sarakunan gargajiya da malaman addini. Garin Bande na ƙasar Magarya yana cikin wuraren da aikin ya yi suna.

Kada sunan ya ruɗe ku: makarantar ba ta da aji, ba ta da allo, ba ta da mushe. Magidanta ne da ba su wuce 12 ba, suna zama kan tabarma sau 2 a wata, babu babba babu ƙarami. Ba a ɗaukar mutum sai mai aure wanda ya kai shekara 25, wanda gari ya shaida halinsa, wanda kuma iyalinsa ke zuwa likita, domin wanda bai gyara gidansa ba ba shi da bakin yi wa maƙwabci gargaɗi. Aikin sa kai ne, ba albashi.

A wurin zama majon gidan likita ko ungozoma kan kawo lissafi: mata nawa suka zo awo, nawa suka haihu gida, wace unguwa ce ta ja baya. Mazajen sai su tattauna, su raba aiki. Wani ya sami ɗan uwansa a majalisa, wani ya yi magana wurin suna ko ɗaurin aure, wani ya ja mai taurin kai gefe don kada a kunyata shi. Abin da namiji ba zai karɓa daga bakin baƙuwar ungozoma ba, yakan karɓe shi daga bakin tsaransa da suke noma gona kusa da gona. Ba magana kaɗai ba: a garuruwa da dama sun yi gayya sun buga tubali, sun gina salanga a gidan likita da ɗakin kwanan ungozoma, don ta zauna cikin gari dare da rana.

Cikin ƴan shekaru makarantun suka haura 100 a jahar Damagaram, suka bazu zuwa Maraɗi da Tawa da sauran jahohi, har ƙasashe irin su Kodibuwa da Burkina Faso suka ɗauki dabarar. Binciken shekara ta 2012 ya sami mutuwar uwaye ta sauko zuwa 535, haihuwa a likita kuma ta kai wajen kashi 30 bisa 100. Hannuwa da yawa ne suka ɗauki wannan jinka, har da ƙananan gidajen likita na ƙauye da aka giggina tun daga 2001, amma na magidanta yana ciki.

Sauran aiki yana nan. In mazaje suka kawo matansu suka tarar ba magani, ko aka tarbe su da tsawa, gobe ba su komowa, kuma kunyar ta faɗa kan wanda ya ba su shawara. Saboda haka alkawari biyu ne: gari ya kawo mata a kan lokaci, mahukunta su tabbatar da ungozoma da magani da motar ɗaukar marar lafiya. Akwai kuma abin lura: manufa ita ce mata da miji su riƙa yanke shawara tare, har ranar da mace za ta tashi zuwa awo ba tare da fargaba ba.

Magidanta, kowa ya duba gidansa. Allah ya sauki matanmu lafiya, ya raya abin da suka haifa.