Ƙanƙara da Tsamin Jiki: Abin da Ya Kamata 'Yan Kokowa da 'Yan Ƙwallo Su Sani

Da zarar an ɗaure dammunan hatsi an zuba a rumbu, sai ganga ta ɗauka a ƙauyukan Ajekoriya da sauran ƙasar Dakoro. Kaka lokacin kokowa ce. Samari su yini suna gwada ƙashi a rairayi, washegari kuma ka ga ƙato yana takawa a hankali, cinyoyi sun ɗaure, tsugunno ya gagara. Mahaifiyarsa ta ɗora ruwa a wuta, ta ɗauko tsumma da man kaɗanya za ta gasa masa jiki. Ƙanensa kuwa ya miƙo waya, ya nuna masa 'yan ƙwallon Turai zaune cikin baho cike da ƙanƙara, ya ce ai wannan ne maganin zamani.

Duka biyun lafiyarsa suke nema. Sai dai sanyi magani ne mai ƙa'ida: yana da lokacin da yake amfani, yana da lokacin da yake mayar da hannun agogo baya, akwai kuma mutanen da bai kamata su kusance shi ba sam. Ga abin da masu bincike suka tabbatar.

Mene ne ke kawo tsamin jiki?

Idan mutum ya yi aikin da jikinsa bai saba ba, ko ya zarce yadda ya saba, ƙananan zaruruwan da ke cikin tsoka suna ɗan yayyagewa, yagewar da ido ba ya gani. An fi samun haka idan tsoka tana riƙe da nauyi alhali ana miƙar da ita, kamar lokacin da ɗan kokowa ya kafa ƙafa ya turje abokin karawa na tura shi, ko mai jan guga yana sassauta igiya a hankali. Jiki sai ya tura jini da ƙwayoyin gyara zuwa wurin, wurin ya ɗan kumbura ya yi zafi. Tsamin ba ya zuwa nan take. Yakan fara bayan wasu awoyi, ya kai ƙarshen ƙarfinsa tsakanin awa 24 zuwa 72, ya tafi da kansa kafin mako ya cika.

Abin lura a nan shi ne, wannan ɗan kumburin wani ɓangare ne na aikin gyara. Ta hanyarsa tsoka ke sake ginuwa, ta fi da kauri da ƙarfi. Wanda ya riƙe wannan zai fahimci duk abin da ke tafe.

Me sanyi yake yi wa tsoka?

Sanyi yana tsuke hanyoyin jini na fata da na tsoka, jinin da ke zuwa wurin ya ragu. Yana kuma rage saurin saƙon da jijiyoyi ke kai wa ƙwaƙwalwa, shi ya sa wurin da aka ɗora wa ƙanƙara yake yin kamar ya mutu, raɗaɗi ya lafa. Sannan yana zuƙe zafin jiki, domin ruwa ya fi iska saurin janye zafi nesa ba kusa ba.

A shekarar 2012 ƙungiyar Cochrane, wadda ke tattara binciken likitoci ta tace shi, ta duba gwaje-gwaje 17 da aka yi da mutane 366. Ta gano cewa waɗanda suka shiga ruwan sanyi bayan motsa jiki sun fi samun sauƙin tsami a kwanaki huɗun da suka biyo baya, idan aka kwatanta da waɗanda suka zauna kawai. Wani nazarin na 2016 ya nuna cewa ruwan da ya fi dacewa shi ne mai sanyin digiri 11 zuwa 15 a ma'aunin Salshiyas, a zauna ciki minti 11 zuwa 15. Ke nan ba a buƙatar ruwan da zai sa haƙora kaɗawa, kuma daɗewa a ciki ba ta ƙara komai sai haɗari.

Akwai wani gwaji da ya kamata wanda ba shi da kuɗin ƙanƙara ya ji. A 2014, a birnin Melbon na Ostireliya, an raba matasa kashi uku bayan sun yi tseren keke mai tsanani. Wasu sun shiga ruwan sanyi, wasu ruwa mai ɗumin jiki, kashi na uku kuma ruwa mai ɗumin jiki da aka zuba wa sabulun wanka aka ce musu sabon maganin gajiya ne. 'Yan kashi na uku sun farfaɗo daidai da 'yan ruwan sanyi. Wannan ya nuna cewa wani kaso na amfanin da ake ji yana zuwa ne daga yarda da natsuwar zuciya.

Mai neman ƙarfi ya yi hattara

A 2015 masu bincike a jihar Kwinsland ta Ostireliya suka sa maza 21 ɗaga ƙarfe sau biyu a mako har makonni 12. Bayan kowane atisaye, rabinsu suna zama minti 10 cikin ruwa mai digiri 10, sauran kuma suna tuƙa keke a hankali na minti 10. Da aka auna a ƙarshe, masu keke sun fi samun kaurin tsoka da ƙarfi. Dalili kuwa shi ne sanyin ya danne saƙon da ke umartar tsoka ta girma. Ya kwantar da raɗaɗi, amma ya rage ladan wahalar da aka sha.

Saboda haka matashin da ke shirin watanni, yana ɗaga buhun yashi yana gudu a tudun rairayi don ya yi ƙarfi, kada ya mayar da ruwan ƙanƙara al'adar kullum. Ya bar jikinsa ya yi aikinsa. Ga masu gudun nesa da masu keke, ba a ga wannan illa sosai ba. A kan ginin ƙarfi da kaurin tsoka ta fi bayyana.

Ko likitan da ya yaɗa amfani da ƙanƙara a wasanni ya sake tunani. Dokta Gabe Mirkin na Amurka ne ya fito da ƙa'idar nan mai hawa huɗu a 1978: hutu, ƙanƙara, ɗauri, da ɗaga gaɓar da ta ji ciwo. A 2014 ya fito fili ya ce yawan ƙanƙara da dogon hutu suna iya jinkirta warkewa.

Lokacin gasa

Lissafi yana sauyawa idan gasa ta zo. Gasar kokowa ta takobin ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975, inda Yakuba Kantu na Maradi ya lashe karon farko, tana haɗa ƙarti 80 daga jihohi takwas, goma daga kowace jiha, ana karawa kwana da kwanaki a jere. Wanda ya kara yau kuma zai kara gobe ba ginin tsoka ne a gabansa ba, buƙatarsa ya tashi da jiki a sake. A irin wannan hali, da ma gasar ƙwallon hutu da ake buga wasa kusan kullum, shiga ruwan sanyi na minti 10 zuwa 15 bayan an tashi yana da amfani.

Amma kada a yi shi dab da shiga fili. Tsoka mai sanyi ba ta da zafin nama, ƙarfin fizga da tsalle yana raguwa, ƙafa ba ta jin ƙasa yadda ya kamata. Kafin karawa ɗumi jiki yake so: sassarfa, miƙe gaɓoɓi, da ɗan riƙe-riƙe da abokin atisaye.

Targaɗe da buguwa

Idan idon sawu ya gurɗe ko gwiwa ta bugu, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 10 zuwa 15, a cire, a bar fata ta dawo daidai kafin a sake. Kada a ɗora ta kai tsaye a kan fata, domin tana ƙona ta kamar yadda wuta ke yi. Amfaninta rage raɗaɗi ne a rana ta farko da ta biyu. A waɗannan kwanaki biyu a guji gashi da ruwan zafi da murza mai ƙarfi, saboda suna ƙara kumburi. Bayan kumburi ya fara saɓewa, gashin da iyaye suka saba yi da tausa mai laushi suna sassauta gaɓa, sai a fara motsa ta a hankali. Idan kuwa mutum ya kasa taka ƙafar, ko gaɓar ta karkace, to maganar ta wuce ƙanƙara, a kai shi asibiti a duba ko karaya ce.

Babban amfanin sanyi a ƙasa mai zafi

A ƙasar Dakoro, inda zafin watannin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, abin da ya fi kayar da ɗan wasa shi ne zafin da ke taruwa a cikin jiki. Idan jiki ya ɗau zafi, jini mai yawa yana komawa fata don ya huce, tsoka ta rasa rabonta, zuciya ta ƙara bugu, ƙarfi ya tafi. Manyan 'yan wasan duniya ma ba su tsira ba. A gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya da aka yi a Doha a 2019, an fara gudun fanfalaki na mata da tsakar dare don gudun rana, amma cikin 68 da suka tashi 40 ne suka kai ƙarshe. A gasar cin kofin duniya ta 2014 a Barazil, alƙalin wasa ya tsayar da wasan Holan da Meziko don 'yan wasa su sha ruwa su huce.

Darasin da ke nan mai sauƙi ne kuma ba shi da tsada. A sha ruwan randa mai sanyi kafin wasa da lokacin hutu, a jiƙa tsumma a ɗora a wuya da kai, a zauna a inuwa, a mayar da atisaye sassafe ko bayan la'asar sakaliya. Idan za a sha ƙanƙarar leda, a tabbata da ruwa mai tsabta aka yi ta.

Akwai kuma ranar da sanyi ke ceton rai. Idan mutum ya faɗi a fili ko a gona da rana, jikinsa ya yi zafi rau, yana sambatu, ko bai san inda yake ba, ko yana tangaɗi, wataƙila zafin cikinsa ya haura digiri 40. Wannan yana kisa. Ƙa'idar likitocin wasanni ita ce a fara sanyaya shi nan take, sannan a ɗauke shi, domin rabin awar farko ita ce mai tsada. A kai shi inuwa, a rage masa tufafi, a kwantar da shi a kan tamfol, mutane su ɗaga gefunan, a tuttula ruwa mafi sanyi da ake da shi ana girgizawa, kansa yana sama. In babu tamfol a riƙa kwara masa ruwa ana fifita. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa a baki, kuma ƙwayar zazzaɓi ba ta sauke irin wannan zafin. Ana sanyayawa ana neman abin hawa zuwa asibiti.

Waɗanda sanyi bai karɓe su ba

Mai amosanin jini, wato sikila, ya nisanci ƙanƙara da wankan ruwan sanyi, domin tsukewar hanyoyin jini tana tayar masa da ciwo mai tsanani. Cutar tana da yawa a ƙasarmu, don haka mai horar da yara ya tambaya kafin ya ɗora wa kowa ƙanƙara. Mai ciwon zuciya ko hawan jini shi ma ya kiyaye, saboda faɗawa ruwan sanyi farat ɗaya yana sa numfashi ya sarƙe, jini ya hau. Haka nan mai ciwon suga da ƙafafunsa ba sa jin taɓi, da mai buɗaɗɗen rauni. Ko mai lafiya ya shiga a hankali, ruwan ya tsaya a ƙugu, kuma kada ya yi shi kaɗai.

In babu ƙanƙara fa?

Ruwan rijiya da na famfo ba su kai sanyin da ake magana a kai ba. Kafin a sauke rabin duro, wato lita 100, daga digiri 30 zuwa 15, sai an narkar da ƙanƙara kusan kilo 16. A garin da mata da yara ke shan wahalar jan ruwa daga rijiya mai zurfi, wannan ba ƙaramin kashe kuɗi ba ne. Da hunturu ruwan da ya kwana a waje ya isa a zuba wa cinyoyi da ƙwauri. Ɗakunan sanyi na ƙasashen waje kuwa, inda ake tsayawa minti biyu zuwa huɗu cikin iskar da ta kai digiri 110 ƙasa da sifili, Cochrane ta duba su a 2015 ta ce babu isasshiyar hujjar cewa suna rage tsamin jiki. Wanda bai same su ba bai yi asarar komai ba.

Abubuwan da suka fi gyara tsoka suna cikin gida: barci isasshe, ruwan sha, ɗan tattaki washegari, da abinci mai gina jiki kamar fura da nono, wake, ƙwai da gyaɗa. Kuɗin da za a kashe a ƙanƙara kullum, gara a sayi ƙwaryar nono.

Kira ga masu horarwa, shugabannin samari da masu shirya kokowa a Ajekoriya da kewaye: duk ranar wasa a tanadi inuwa, duron ruwa, tsummoki da tamfol a bakin fili, a kuma san yaran da ke da sikila tun kafin a buga ganga. Allah ya ba mai rabo sa'a, ya mayar da kowa gida lafiya.