Ɓarayin Namun Daji da Kifi: Haɗari da Nauyin Kai Rahoto

Gandun dajin Yankari da ke Jihar Bauci, wanda aka keɓe a shekarar 1956, yana da faɗin murabba'in kilomita 2,244. Komai yawan masu gadin da aka zuba a irin wannan daji, ba za su iya sa ido a kowane lungu ba. Saboda haka sau da yawa labarin ɓarna yakan fara fitowa ne daga bakin manomi, ko makiyayi, ko masunci, ko ɗan makarantar da ya ci karo da tarkon waya a hanyar gona. Abin tambaya shi ne, me ya kamata irin wannan mutum ya yi da abin da ya gani?

Illar yin shiru

Giwa takan ɗauki ciki na kimanin wata 22, ta haifi ɗa guda, kuma ba ta sake haihuwa sai bayan shekara huɗu ko biyar. Ke nan giwar da aka harbe cikin dare ɗaya saboda haurenta, sai an daɗe ba a mayar da gurbinta ba. Haka abin yake a ruwa. Wasu sukan zuba gamalin, wato maganin ƙwari mai ɗauke da sinadarin lindan, a cikin kogi ko tafki domin su kwashi kifi a sauƙaƙe. Wannan guba ba ta bambanta babban kifi da ƙarami, kuma takan taru a cikin kitsen jikin duk abin da ya ci ta, har ta kai ga ɗan'adam. A shekarar 2009 aka sanya lindan cikin jerin sinadaran da Yarjejeniyar Stockholm ta nemi a kawar.

Doka ma ba ta yi shiru ba. A Nijeriya an kafa dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa a 1985, aka ƙara tsananta hukuncinta a 2016, sannan dokar kamun kifi a koguna da tafkuna ta 1992 ta haramta su da guba ko nakiya. Sai dai doka ba ta da ido, da idon jama'a take gani.

Haɗarin da ke tattare da rahoto

Haɗari na farko a kan mai kai rahoto yake. Ɓarayin namun daji sukan riƙe bindiga, kuma a Yankari kanta an sha rasa rayukan masu gadi a hannunsu. Bugu da ƙari, da ɗan gari akan ci gari: mai laifin yana iya zama maƙwabci ko ɗan'uwa, wanda tona asirinsa kan jawo gaba ko ramuwa.

Haɗari na biyu a kan wanda aka ambata yake. Ba kowane mai baka da kwari ne ɓarawo ba, domin farauta da su tsofaffin sana'o'i ne masu sarakunansu da ƙa'idojinsu. Haka kuma ba kowace mutuwar kifi ce daga guba ba. Alal misali, idan ruwan sama ya kwaso ruɓaɓɓen ganye da shara zuwa tafki, ƙwayoyin bakteriya sukan cinye iskar oksijin da ke cikin ruwan, kifaye su taso su mutu ba da hannun kowa ba. Wanda ya yi gaggawar kama suna yana iya jefa marar laifi cikin wahala.

Yadda ya dace a yi

Rahoto mai amfani kamar aikin ɗakin gwaji yake, gani ya kori ji. Da fari dai kada wanda ya ga ɓarna ya tunkari masu yin ta, ko ya bi sawunsu, ko ya tsaya ɗaukar hoto inda za a gan shi. Kada ya taɓa tarko ko mushe, kada kuma ya ci ko ya sayar da kifin da ya tarar a mace. Idan ya isa inda hankalinsa ya kwanta, sai ya rubuta rana da lokaci da wurin, da yawan mutanen, da irin kayan da suke ɗauke da su, da nau'in dabbar. Ya ware abin da ya gani da idonsa daga abin da aka gaya masa. Daga nan ya sanar da ma'aikatan gandun daji, ko jami'an kula da kamun kifi, ko mai gari, ko sarkin ruwa, ya kuma nemi a sakaya sunansa. Ɗalibi kuwa ya fara da iyayensa ko malaminsa, kada ya baza maganar a kasuwa ko a Facebook.

Daga ƙarshe, akwai abin koyi a yankin Kure na Jamhuriyar Nijar. A shekarar 1996 raƙuman dawan da suka rage a wurin ba su wuce 50 ba. Da hukuma da mutanen ƙauyuka suka haɗa kai wajen tsaron su, cikin shekara ashirin da 'yan kai adadinsu ya haura 600. Dabbar da jama'ar gari suka sa wa ido, da wuya ɓarawo ya iya kai mata hannu.