Allurar PRP ta ciwon gwiwa: katin NHIS zai biya?

Masu sauraro daga Nima da Maamobi sun yi ta aiko mana da wannan tambaya, yawanci saboda iyayensu da gwiwa ta hana su sujada.

To ga yadda allurar take. Likita zai ɗebi jininka a hannu, ya juya shi cikin na'ura har ƙwayoyin da ke sa jini daskarewa su taru gefe guda, sannan ya tsira maka su a gwiwa. Wasu na jin sauƙi, wasu shiru. Likitoci ma kansu bai haɗu a kanta ba.

Nan ne maganar kuɗi ta shigo. Tun da aka kafa NHIS a 2003, hukumar ba ta mayar wa majinyaci kuɗi a hannu. Asibiti take biya, kuma kan ayyuka da magungunan da ke cikin jerinta kaɗai. PRP ba ta ciki. Ko ka sabunta katinka ta *929# jiya-jiya, daga aljihunka sidin zai fito. Ba Gana kaɗai ba: a Amurka ma, Medicare na biyanta ne don gyambon masu ciwon sukari, ban da gwiwa.

Mai inshorar kamfani kuwa, kada ya yarda da "je ka yi, ka kawo rasit". Ya karɓi amincewarsu a rubuce tukuna. Kuma ku tambayi kuɗin zuwa nawa aka faɗa muku, don sau da yawa allurar ba ɗaya ba ce.