Fitilar mota: a gyara murfi kafin a canza ƙwai



Da kaka ta yi, hanya takan cika. Amalanken shanu da na jakai suna kai hatsi gida. Motoci suna kwasar wake da aya da albasa zuwa kasuwanni. Yawancin wannan zirga-zirga da dare ake yin ta, ko da asuba, saboda gudun zafin rana. Babbar hanya mai lamba 1 ta ratsa Yamai, ta bi ta Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni da Maraɗi, ta wuce Damagaram. In aka fita gari, duhu ne gaba da baya. A nan direba ba ya da ido sai fitilar motarsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ba da rahoto a shekarar 2023. Ta ce hatsarin hanya yana kashe mutane wajen miliyan 1 da dubu 190 a duniya kowace shekara. In aka gwada da yawan jama'a, a nahiyar Afirka ne mutuwar ta fi yawa. Shi ya sa maganar fitila ta shigo shafin lafiya. Ta shafi mai mota da fasinja, ta shafi mai amalanke da makiyayi.

In fitila ta dushe, direbobi da yawa sukan garzaya kasuwa su sayi ƙwai mai ƙarfi. Sau da yawa laifin ba na ƙwan ba ne. Ga yadda abin yake.

Nisa nawa direba ke gani?

Fitilar gaba tana da haske iri biyu. Akwai ƙaramin haske, wanda direbobinmu ke kira kod. Akwai babban haske, wanda suke kira far. In fitila lafiya lau take, far yana nuna hanya har mita 100 ko fiye. Kod kuwa yana nuna mita 30 zuwa 50.

Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a daƙiƙa guda. A ce direba ya hangi amalanke. Kafin ƙafarsa ta kai kan birki, daƙiƙa 1 ta wuce, mota ta ci mita 25. Bayan ya taka birki, za ta ƙara wajen mita 45, in kwalta a bushe take kuma tayu na da kyau. Jimla mita 70 ke nan. In mota ta sha kaya, nisan ya fi haka. Ke nan mai gudun 90 da kod ba zai iya tsayawa kan lokaci ba, ko da fitilarsa sabuwa ce. To, ina ga wanda tasa ta dushe?

Me ke sa fitila ta dushe?

Fitila tana da sassa 3. Akwai ƙwai, wanda ake kira ampul. Akwai kwano mai ƙyalli a bayansa, shi ke tattara haske ya tura shi gaba. Akwai murfi, wanda haske ke ratsawa ya fita.

Tsofaffin motoci irin su Peugeot 404 da 504 murfinsu na gilashi ne. Rana ba ta canza masa launi. Motocin baya-bayan nan kuwa, kusan dukansu murfinsu na wata roba ce mai ƙarfi da ake kira folikabonat. Ba ta da nauyi, ba ta fashewa da sauƙi, amma ba ta jure rana. Don haka a masana'anta ake shafa mata wani man kariya marar launi. A cikin hasken rana akwai wani sashe da ido ba ya gani, ana ce masa UV. Shi ke cinye man kariyar sannu a hankali. Rairayin da iska ke ɗaukowa yana karce shi. Daga nan sai murfi ya zama rawaya, ya yi hazo kamar idon da yana ta rufe. A ƙasarmu rana da ƙura sun haɗu, don haka lalacewar ba ta ɗaukar lokaci.

A shekarar 2018 wata babbar ƙungiyar masu motoci ta Amurka mai suna AAA ta yi gwaji. Ta gano cewa fitilar da murfinta ya lalace tana ba da wajen kashi 20 cikin 100 na hasken sabuwa. Da aka goge murfin aka gyara, haske ya komo har kusan kashi 70. Ba a canza ƙwai ba, murfi kawai aka taɓa.

Ga gwaji mai sauƙi. Ka wanke murfin, ka zuba masa ruwa. In ya yi garau yana jiƙe, ya koma hazo da ya bushe, to lalacewar a waje take, kuma tana gyaruwa. In raɓa ce ko ƙura a ciki, akwai inda ya tsage ko robar bakinsa ta saki. Wannan aikin makanike ne. Kada a goge kwanon ciki da tsumma, domin ƙyallinsa fata ce siririya, tana fita nan take.

Yadda ake gyara murfin roba

Abin da ake bukata: ruwa, sabulu, tsumma mai laushi, da takarda mai manne irin ta masu fenti. Sai takardar yashi ta ruwa, wadda wasu ke kira samfefa, mai lamba 800, 1500 da 2000 ko 3000. In lamba ta fi girma, yashin ya fi laushi. Sai man goge fenti, da man kariya marar launi mai tare UV, wanda masu fentin mota ke kira berni.

1. A ajiye mota a inuwa. A wanke murfi da ruwa da sabulu.

2. A manna takarda kewaye da fitila, don kada a karce fentin mota.

3. A jiƙa takardar yashi mai lamba 800. A goga daga hagu zuwa dama, ana zuba ruwa. Ruwan zai fito rawaya. A ci gaba har ya koma fari. Murfin zai yi fari kamar nono. Kada a tsorata, haka ake so.

4. A ɗauki mai lamba 1500. A goga daga sama zuwa ƙasa, har layukan farko su ɓace.

5. A ƙare da mai lamba 2000 ko 3000. Kada hannu ya yi nauyi, kada ruwa ya yanke.

6. A shafa man goge fenti, a murza da tsumma har murfi ya yi garau. A wanke shi sosai, a bar shi ya bushe.

7. A shafa ko a fesa man kariya, yadda aka rubuta a jikin gwangwaninsa. A yi wannan a fili, a rufe hanci da baki. A tsare shi daga ƙura har ya bushe.

Mataki na 7 shi ne babba. Gugar ta cire tsohon man kariya, roba ta zama tsirara. In ba a sa sabo ba, cikin ƴan watanni rawayar za ta komo.

Wasu suna goge murfi da man goge haƙori. Yana ɗan taimakawa in hazon kaɗan ne, amma ba ya daɗewa. Kada a yi amfani da fetur, ko ruwan tsinka fenti, ko man birki. Suna cin robar, su tsattsaga ta. Kada kuma a share ƙura da busasshen tsumma, a fara zuba ruwa. In murfi ya tsage har ciki, sai dai a canza fitilar. Murfin gilashi kuwa wanki kawai yake so.

A duba wuta

Ƙwai ba ya ba da cikakken haske sai wuta ta ishe shi. In wutar da ke isa gare shi ta ragu da kashi 10 cikin 100, haske yana raguwa da wajen kashi 30. Tsatsa a bakin waya tana jawo haka. Haka ma wayar da ke manne a jikin ƙarfen mota, wadda makanikai ke kira mas, in ta saki. A sa mai gyaran wutar mota ya auna, ya kankare tsatsa, ya ɗaure abin da ya saki.

Wane ƙwai za a saya?

Bayan murfi da wuta, sai a zo kan ƙwai. A cire tsohon, a karanta abin da ke rubuce a gindinsa. Za a ga lamba kamar H1, H4 ko H7. A sayi mai lamba iri ɗaya. H4 na ƙaramar mota an rubuta masa 12V 60/55W, wato wat 60 na far, wat 55 na kod. Manyan motoci da yawa suna aiki da 24V. A nemi ƙwai mai alamar harafin E cikin da'ira.

Ƙwai mai wat 100: yana jan wuta kusan ninki biyu. Ba a yi wayoyin mota don wannan nauyi ba. Yana narkar da mazaunin ƙwai, ya ƙona ƙyallin kwano, har ya iya tada gobara.

Ƙwai mai shuɗin gilashi: launin yana tare wani sashe na haske. Ga ido kamar ya fi kyau, amma hanya ba ta fi fitowa ba.

Ƙwan LED: motar da aka ƙera da fitilar LED tun daga masana'anta tana haske mai kyau, ba ta cin wuta da yawa. Amma kwanon tsohuwar fitila an auna shi ne da ɗan siririn zaren da ke ci a cikin ampul. In aka sa masa LED marar inganci, haske yana watsewa sama da gefe. Gaban mota zai yi fari fat, nesa ta zama duhu, mai tahowa kuma ya makance. Wanda ka makantar, kanka zai iya faɗowa.

Ƙwai mai ƙarin haske: kamfanoni irin su Osram da Philips suna yin ampul mai wat daidai da na asali, amma ya fi haske. Wannan ba ya cutar da waya. Aibinsa shi ne bai kai na asali daɗewa ba.

A canza ƙwai biyu tare, domin tsohon ƙwai yana rage haske kafin ya mutu. Kada a taɓa gilashinsa da yatsa. Maiƙon hannu yana sa wurin ya yi zafi fiye da kima, ƙwai ya mutu da wuri. A riƙe shi ta gindi.

Saitin fitila a jikin bango

Da dare, a tsai da mota a wuri mai daidai, mita 10 tsakanin fitila da bango. A auna tsawo daga ƙasa zuwa tsakiyar fitila. A ja layi da gawayi a bango daidai wannan tsawo. A kunna kod. Saman hasken ya kamata ya tsaya wajen santimita 10 zuwa 15 a ƙarƙashin layin. In ya wuce layi, yana shiga idon mutane. In ya yi ƙasa da yawa, nisan gani ya ragu. Akwai kusoshin saiti a bayan fitila. Za a ga haske ya ɗan ɗaga ta dama. Haka aka yi shi, domin mu ta dama muke tuƙi, kuma nan ne masu tafiya ƙasa da amalanke suke.

In aka loda kaya a baya, gaban mota yana ɗagawa, haske ya tafi sama. Motoci da yawa suna da ɗan maɓalli mai lamba 0 zuwa 3 kusa da sitiyari don sauke shi. Lokacin hazo a yi tafiya da kod, a rage gudu, domin ƙura tana maido hasken far cikin idon direba. Masu babur da ƴan kabu-kabu, duk wannan bayani ya shafe ku.

Ido ma fitila ne

In mutum ya manyanta, idonsa yana bukatar ƙarin haske. Yanar ido tana sa hasken mota mai tahowa ya dame shi ƙwarai. Dundumi kuma yana hana gani da dare, kuma ƙarancin bitamin A yana kawo shi. Ana samun bitamin A a hanta, ganyen zogale, karas da mangwaro. Direban da ya ga dare ya fara yi masa wuya, ya je asibiti a duba idonsa.

Ku kuma manoma masu amalanke, ku taimaki direba ya gan ku. Ku manna abin ƙyalli ja a bayan amalanke. Ku riƙe tocila, ku sa tufafi masu haske, ku bi gefen dama.

Ƴan'uwa, ga jerin aikin: a wanke murfi a gyara shi, a duba wuta, a sa ƙwan da ya dace, a saita fitila, a yi gudu daidai nisan da ido ke gani.  Rigakafi ya fi magani. Wanda ya karanta, ya karanta wa direban garinsu. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.